Kafin ka cike fam ɗin JAMB, tambayi inda za ka kwana: Darasi daga Jami'ar Tarayya ta Gusau

Duk ɗalibin da ke aji biyar ko aji shida na sakandare a ƙasar Bungudu da Tsafe da Gusau, tun daga Kekun Waje har zuwa Kwatarkwashi, idan aka yi zancen jami'a, sunan da ke fara zuwa bakinsa shi ne Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ita ce ta gida. Kuɗin mota kaɗan ne, kuma idan garin kwaki ya ƙare ana iya aiko da wani kafin rana ta faɗi. An kafa ta a 2013, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, tare da takwarorinta na Birnin Kebbi da Gashuwa. Kafin wannan lokaci, ɗan Zamfara da ke son digiri sai ya nufi Sakkwato ko Zariya ko Kano.

Shekara goma bayan kafa ta, sunan jami'ar ya shiga labaran duniya ta hanyar da ba wanda ya so. A 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibanta fiye da sau ɗaya, ɗalibai suka fusata suka tare babbar hanya, iyaye suka shiga zullumi. Da yawa daga cikinku za su zaɓi jami'a bana ko baɗi. Saboda haka ya kamata ku san abin da ya faru, ku san abin da jami'a ke iya yi idan hankali ya tashi, da abin da ya fi ƙarfinta. Sannan ku san tambayar da ta kamata ku yi kafin ku ɗauki akwati.

Abin da ya faru a Sabon Gida

Jami'ar tana bayan garin Gusau ne, a kan hanyar Zariya, kuma ƙauyen Sabon Gida da ke Ƙaramar Hukumar Bungudu yana maƙwabtaka da ita. Kamar yadda ake gani a duk inda aka kafa babbar makaranta, masu hali sun gina gidajen haya a ƙauyen, ɗalibai suka cika su.

A farkon Afrilun 2023 'yan bindiga suka shiga wani gidan kwanan ɗalibai a Sabon Gida suka tafi da ɗalibai mata biyu. A tsakiyar watan Yuni suka dawo suka ɗauki wasu biyar. Washegari ɗalibai suka fito suka tare babbar hanyar da ta haɗa Gusau da Funtuwa da Zariya, motoci suka yi cirko-cirko na tsawon sa'o'i. Buƙatarsu ɗaya ce: a dawo da 'yan'uwansu, a kuma tsare inda suke kwana.

Babban harin ya zo ne kafin asubahin Juma'a, 22 ga Satumba, 2023. Maharan sun zo da yawa, suka fasa gidajen kwanan ɗalibai uku a Sabon Gida, suka kora ɗalibai zuwa daji, akasarinsu mata, suka haɗa da wasu ma'aikata da ke aiki a jami'ar. Rahotannin farko sun ce aƙalla ɗalibai 24 ne, ko da yake adadin waɗanda suka kuɓuta daga baya ya nuna sun fi haka. Sojojin rundunar Hadarin Daji sun bi sawu, suka ceto shida a ranar, aka ƙara ceto wasu a kwanakin da suka biyo baya. Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a kuɓutar da sauran.

Amma jira ya yi tsawo. Sai a watan Maris na 2024, bayan kusan wata shida, wasu tara suka dawo. A tsakiyar Afrilu kuma Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya karɓi mutum 22, ɗalibai da ma'aikata, a Abuja, bayan sun shafe fiye da kwana 200 a hannun 'yan bindiga. Ku auna: kwana 200 ya fi zango biyu na karatun sakandare.

Me ya sa gidajen haya?

Akwai abu ɗaya da ya haɗa waɗannan hare-hare uku: ba a ɗakin lacca aka yi su ba, ba kuma da rana ba. Da dare ne, a gidajen da ɗalibai suka kama haya a wajen jami'a.

Kuma ba Gusau kaɗai ba. A Afrilun 2022 an sace ɗalibai mata na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe daga gidan da suke haya a cikin gari. Ƙasa da mako biyu bayan harin Satumba na Sabon Gida, a ranar 4 ga Oktoba, 2023, aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a Jihar Katsina, su ma daga gidan haya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan, tsagar ita ce makwanci.

Dalilin a fili yake. Sabbin jami'o'i suna buƙatar fili mai faɗi, don haka ake kai su bayan gari, inda daji ke kusa. Ana fara gina ajujuwa da ofisoshi da ɗakunan gwaje-gwaje, domin da su ne ake samun izinin koyar da kwasa-kwasai. Ɗakunan kwana sukan zo daga baya, kuma ba sa isa. Kowace shekara ana ɗaukar sabbin ɗalibai, amma gadaje ba sa ƙaruwa daidai da su. Wanda bai samu gado a ciki ba, dole ya nemi ɗaki a ƙauyen da ya fi kusa, inda zai iya takawa da ƙafa zuwa lacca ba tare da ya biya ɗan acaɓa ba.

Shi kuwa gidan haya na mai shi ne, ba na jami'a ba. Mai gida ne ke yanke shawarar ko zai sa ƙofar ƙarfe, ko zai ja katanga, ko zai ɗauki mai gadi. Masu gadin jami'a aikinsu a cikin harabarta yake. Ga shi kuma kowa a ƙauye ya san gidan da ɗalibai mata ke zaune, ya san lokacin da suke shiga da fita. Idan aka samu infoma guda ɗaya, magana ta ƙare.

Wannan ba ya nufin wanda ke cikin katanga ya tsira ke nan. 'Yan matan Jangebe 279 da aka sace ranar 26 ga Fabrairu, 2021 a cikin makarantarsu suke kwana. Haka ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Kaduna, a Maris na wannan shekarar, da na Jami'ar Greenfield a Afrilu, inda aka kashe biyar daga cikinsu. Katanga ba ta harbi. Amfaninta shi ne ta tara mutane wuri ɗaya da za a iya tsarewa, ta kuma jinkirta mai shigowa har agaji ya iso. Tsare gida ɗaya mai ɗalibai dubu ya fi sauƙi a kan tsare gidaje ɗari da suka warwatsu a lunguna.

Wa ke da wuƙa da nama a jami'a?

A sakandare, shugaban makaranta yana jiran umarni ne daga Ma'aikatar Ilimi. Jami'a ba haka take ba, tana da 'yancin yanke wa kanta hukunci a kan abubuwa da dama. Akwai Shugaban Jami'a, wanda a Gusau lokacin waɗannan hare-hare Farfesa Mu'azu Abubakar Gusau ne. Akwai Majalisar Dattawan jami'a, wato taron manyan malamai, wadda ke da iko a kan jadawalin karatu da jarrabawa. Akwai Hukumar Gudanarwa da ke kula da kuɗi da manyan ayyuka. Akwai Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, wanda ke raba gadaje yana kuma sauraron koke. Sai Magatakarda, wanda galibi da sa hannunsa sanarwa ke fita.

Waɗannan za su iya dakatar da lacca, su ɗage jarrabawa, su rufe ɗakunan kwana, su sa dokar lokacin rufe ƙofa, su gargaɗi ɗalibai game da wata unguwa. Amma ga abin da ba su da shi: ba su da soja, ba su da ɗan sanda. Masu gadin jami'a ba a ba su izinin riƙe irin makaman da 'yan bindiga ke yawo da su ba. Shugaban Jami'a sai dai ya roƙi kwamandan soja da kwamishinan 'yan sanda da gwamna. Wannan ya sa idan rikici ya taso, zaɓin da ke gabansa kaɗan ne, kuma kowanne da tsadarsa. Bari mu duba yadda wasu jami'o'in Arewa suka yi da nasu ya same su.

Jos: a rufe, kowa ya tafi gida

A ranar 14 ga Agusta, 2021 aka tare wasu matafiya a hanyar Rukuba da ke Jos, aka kashe fiye da mutum 20. Gari ya rikice, Gwamna Simon Lalong ya sa dokar hana fita. Jami'ar Jos tana tsakiyar wannan yanki, harabobinta da ɗakunan kwananta a warwatse suke a unguwanni, ɗalibai da yawa kuma suna zaune cikin gari. Wasu daga cikinsu sun rasa rayukansu a rikicin. Jami'ar ta dakatar da jarrabawar da ake tsaka da yi, sannan ta umarci ɗalibai su bar ɗakunan kwana. Gwamnatocin jihohi da dama suka aiko da motoci da rakiyar jami'an tsaro suka kwashe 'ya'yansu.

Rufewa ta ceci rayuka, wannan ba shakka. Idan wuta ta kama kasuwa, ba a tsayawa lissafin riba. Amma ku lura da abin da ta ci. Jarrabawar da aka dakatar ta zangon 2019/2020 ce, wato tun kafin rikicin ɗaliban sun riga sun yi asarar lokaci mai yawa saboda annobar korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020, wanda ya ɗauki wata tara. Aka ƙara musu wasu makonni a gida. Sannan fitar da dubban ɗalibai kan hanya a lokaci ɗaya, cikin gari mai hargitsi, shi ma hatsari ne, shi ya sa aka buƙaci rakiya.

Ku 'yan Zamfara ba sai an ba ku labarin rufe makaranta ba. Bayan an sace ɗalibai 73 a sakandaren Kaya da ke Maradun ranar 1 ga Satumba, 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya. Sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu. Kowannenku ya san abokin ajinsa da bai dawo ba bayan wancan dogon hutu: wani ya shiga kasuwa, wani ya tafi cirani, wata an yi mata aure. Rufe makaranta kamar maganin zazzaɓi ne da ake sha kafin a ga likita. Yana saukar da zafi, amma cutar tana nan.

Maiduguri: a zauna, a ja ganuwa

Jami'ar Maiduguri ta ɗanɗana hanyoyin biyu. A Yulin 2011, da hare-haren Boko Haram suka tsananta a birnin, ta rufe ta sallami ɗalibai. Amma a 2017, lokacin da masu ƙunar baƙin wake suka mai da ita abin hari, sai ta zaɓi ta ci gaba da karatu. A ranar 16 ga Janairu na wannan shekarar bam ya tashi a wani masallaci a cikin jami'ar, ya kashe Farfesa Aliyu Mani, malamin likitancin dabbobi, da wasu. Hare-hare suka ci gaba a watannin da suka biyo baya, kuma maharan suna shigowa ne ta bayan jami'ar, inda ba katanga.

A watan Yunin 2017 aka fara haƙa rami mai tsawon kimanin kilomita 27 a kewayen wannan ɓangare, da tallafin Gwamnan Borno na lokacin, Kashim Shettima. Dabarar ba sabuwa ba ce. Ita ce kakanninmu suka yi da suka kewaye Kano da Katsina da Zariya da ganuwa, suka bar ƙofofi ƙididdigaggu da ake tsarewa. Aka ƙara jami'an tsaro da 'yan sa-kai, aka tsaurara bincike a ƙofa, ɗalibai suka ci gaba da shiga aji.

Darasin Maiduguri shi ne ana iya ci gaba da karatu cikin barazana, amma ba da baki kawai ba. Sai an gano ta inda ake shigowa, an kashe kuɗi an toshe, an kuma samu masu makami a kusa. Jami'ar da ta ce ba za ta rufe ba, amma ba ta yi komai a kan inda ɗalibanta ke kwana ba, ta ɗora wa 'ya'yan mutane nauyin da ba nasu ba.

Zariya: ranar da aka kira 'yan sanda

Akwai wani nau'in tashin hankali da ke tasowa daga ɗaliban kansu, kamar yadda aka gani a Gusau ranar da aka tare hanya. Yadda hukuma ta tarbi irin wannan fushi shi ne ke raba tsakanin ranar da za a manta da ranar da za a riƙa tunawa da hawaye. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ga wannan sau biyu.

A Afrilun 1978 ɗaliban jami'o'in Najeriya suka yi bore saboda ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini, suna neman Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. An harbe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa.

Shekara takwas bayan haka, a 1986, ɗaliban Zariya suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda aka kashe. Hukumar jami'a ta ce sun karya doka ta hanyar shiga ɗakin kwanan mata na Amina, ta hukunta shugabanninsu. Ɗalibai suka ƙi yarda, suka nemi Shugaban Jami'a, Farfesa Ango Abdullahi, ya sauka. Aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma. A ranar 23 ga Mayu suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Bore ya bazu zuwa sauran jami'o'i, aka rufe da dama, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye.

Abin da ya faro daga saɓani a kan doka ya ƙare da gawawwaki. Darasi biyu ne a nan. Ga hukumar jami'a: sauraron koke tun yana ƙarami ya fi arha a kan kiran bindiga bayan ya girma. Ga ɗalibai kuma: kuna da haƙƙin faɗin abin da ke damunku, kuma ɗaliban Gusau da suka fito a Yunin 2023 kukansu na gaskiya ne, wata uku bayan nan abin da suke tsoro ya auku. Amma taron jama'a ba shi da linzami. Da zarar ɓata-gari sun shigo, ko wani ya jefa dutse, mai gaskiya da marar gaskiya duk harsashi ɗaya ne a gabansu. An ga haka a Kano ranar 1 ga Agusta, 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe zuwa fashe-fashe har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita.

Alƙawuran da aka ɗauka

Tsaron makaranta ba alfarma ba ce da ake roƙo, alƙawari ne da gwamnati ta ɗauka a rubuce. Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, an ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja a watan Mayu, tare da tsohon Firaministan Birtaniya Gordon Brown. A 2015 ƙasashe suka hallara a Oslo, babban birnin Norway, suka fito da yarjejeniyar kare makarantu a lokacin rikici, kuma Najeriya tana cikin waɗanda suka fara amincewa da ita. Yarjejeniyar ta shafi jami'o'i ma, ba firamare da sakandare kaɗai ba. A Oktoban 2021 Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya na huɗu a kan wannan yarjejeniya. A 2023 aka buɗe cibiyar ƙasa mai kula da kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin rundunar Sibil Difens. A nan gida kuma, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024.

Takardu da rundunoni suna da kyau, amma ma'aunin nasararsu ɗaya ne: ɗalibar da ke kwance a ɗakinta da ƙarfe uku na dare, idan ta ji babura, minti nawa za a yi kafin agaji ya iso? Kuma a ina ɗakin nata yake? Hukumar TETFund tana gina ajujuwa da ɗakunan karatu a manyan makarantun gwamnati, kuna ganin sunanta a jikin gine-gine. A yanki irin namu, gado a cikin katanga yana da muhimmanci kamar kujera a cikin aji. Jami'ar da ta ɗauki ɗalibai fiye da yadda za ta iya kwantarwa, ya wajaba a kanta aƙalla ta san gidajen da sauran ke haya, ta zauna da masu gidajen da hakimi da dagaci da jami'an tsaro, ta fitar da jerin gidajen da ta amince da su da unguwannin da ta hana.

Tambayoyin da za ku yi

Ga abin da ke hannunku. Kafin ka rubuta sunan wata jami'a ko kwaleji a fam ɗin JAMB, nemi wani yaya ko wata yaya da ke karatu a can, ka zauna da su tare da Baba ko Inna, ku yi waɗannan tambayoyi:

Na ɗaya, ana ba 'yan aji ɗaya gado a cikin makaranta? Jami'o'i da yawa suna fifita sabbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe, amma wanda ya makara wajen rajista yakan rasa. Idan akwai, nemi naka tun ranar da aka buɗe.

Na biyu, idan ba a samu ba, a wace unguwa ɗalibai ke haya, kuma an taɓa kai hari a can? Gidan da ke ƙarshen gari yana kallon daji yakan fi arha, amma arhar tana da dalili. Ɗaki a tsakiyar gari, ko zama a gidan dangi, ko da za a riƙa biyan kuɗin mota kullum, ya fi kwanciyar hankali.

Na uku, akwai sansanin soja ko ofishin 'yan sanda a kusa, kuma suna kwana a wurin ne ko sintiri kawai suke yi?

Na huɗu, ta wace hanya makarantar ke sanar da ɗalibai idan wani abu ya taso? Ku riƙe lambar ofishin tsaro da ta Sashen Harkokin Ɗalibai a waya, ku kuma rubuta su a takarda, domin waya tana mutuwa, layi kuma ana iya katse shi kamar yadda kuka gani a 2021. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Bayan kun shiga kuma, ga wasu ɗabi'u da ba sa cin ko sisi. Kada ki riƙa sanya hoton ƙofar gidanku ko sunan unguwarku a Facebook da TikTok. Ku san maƙwabtanku, ku gaishe da mai unguwa da limamin masallacin layinku, domin baƙon da aka sani shi ake fara yi wa raɗa idan an ga abin da ba a gane ba. Idan kun ga baƙuwar fuska tana yawan tambaya a kan gidan ɗalibai, ku gaya wa ofishin tsaro, ba abokai a WhatsApp kaɗai ba. Idan saƙo ya zo cewa an kai hari ko rikici ya ɓarke, kada ku tura shi gaba sai kun tabbatar, domin jita-jita kan sa mutane su ruga su faɗa inda hatsarin yake. Idan gari ya rikice, ku zauna a ciki, ku kira gida ku faɗi inda kuke, kada ku fita kallo. Idan kuma makaranta ta ce a tashi, a tashi da rana, cikin rukuni, ta tashar mota da aka sani.

Ga iyayenmu kuma

Wataƙila wannan shafi zai kai hannun Baba. Babbar asarar da harin Sabon Gida zai iya jawowa ita ce uba ya dubi 'yarsa da ta ci WAEC da NECO ya ce karatu ya isa haka. Tsoronsa ba laifi ba ne, duk wanda ya haifa ya san shi. Amma Zamfara tana buƙatar likitoci mata da ungozoma da malamai mata, kuma ba daga sama za su faɗo ba, daga ajujuwan Bungudu da Tsafe da Kekun Waje za su fito. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana nan a mazauninta, tana ci gaba da ɗaukar ɗalibai tana yaye wasu.

Abin da ya dace shi ne uba ya taka da ƙafarsa ya ga ɗakin da 'yarsa za ta zauna, ya ga ƙofa da katanga, ya san mai gidan, ya je ofishin harkokin ɗalibai ya yi tambaya. Idan iyaye ɗari suka yi tambaya iri ɗaya a ofishi ɗaya, dole a nemo musu amsa. Ku kuma ɗalibai, ku dage da karatu, ku nemi makin da zai ba ku zaɓi. Idan ranar cike fam ta zo, bayan kun tambayi kwas da kuɗin makaranta, kada ku tashi sai kun tambayi inda za ku kwana.